Amsar Tambaya: Kumburi Bayan Dashen Ƙashi a Muƙamuƙi

Tambaya: Jiya aka yi mini dashen ƙashi a muƙamuƙi, kuncina ya kumbura suntum. Lafiya kuwa? Daga wata uwa, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kumburin nan yakan tsananta a rana ta 2 zuwa ta 3, sannan ya fara sacewa. Naɗe ƙanƙara a tawul, ki ɗora a kunci minti 20, ki huta minti 20. Ki sha maganin ciwo yadda likita ya rubuta, ki tada kai da matashi biyu in za ki kwanta. Ki lallaɓa da kunu mai ɗan ɗumi, goro da kilishi su dakata, kada asuwaki ya taɓa ɗinkin. In kika ga zazzaɓi ko mugunya, garzaya sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.