Yadda za ka sa ƙwallon golf ta lanƙwaso hagu

Wani Alhaji mai fataucin albasa ya aiko da tambaya daga Malanville. Kasuwa ce ke kai shi Kano, a can abokai suka ja shi filin Kano Golf Club har wasan ya shiga ransa. Damuwarsa ita ce duk sanda ya ɗauki doguwar sanda, sai ƙwallo ta karkace dama ta faɗa cikin itatuwa. So yake ya iya duro, bugun da ƙwallo ke fita dama kaɗan, sannan ta lanƙwaso hagu ta sauka inda ake so.

Alhaji, zan ɗauka da dama kake bugu. Idan bahago ne kai, sai ka juya duk abin da zan faɗa.

Na san shawarar da ake yawan bayarwa a fili: murɗa hannu daidai lokacin bugu. Don Allah ka rabu da ita. Haɗuwar sanda da ƙwallo kusan kashi 1 cikin 2,000 na daƙiƙa ne, babu hannun da zai riƙa saita kansa a wannan ɗan lokaci kullum. Yau ka dace, gobe ƙwallo ta ɓace a hagu.

Abu biyu ke tafiyar da ƙwallo: inda fuskar sanda take kallo lokacin haɗuwa, da hanyar da kan sanda ya biyo. Na'urorin awo irin TrackMan, wadda aka ƙirƙiro a Denmark a 2003, sun nuna cewa fuska ce ke da kaso mafi tsoka wajen inda ƙwallo za ta fara nufa, kashi 75 zuwa 85 cikin 100. Lanƙwasa kuwa daga saɓanin fuska da hanya take fitowa. Kai yanzu sandarka daga waje take saukowa, tana yanko ƙwallo zuwa hagu, fuska kuma a buɗe. Da ka ga ƙwallo tana gudu dama sai ka ƙara fuskantar hagu, yankan ya ƙaru. Duro akasin haka yake so: sanda ta biyo ta ciki, kusa da jikinka, ta fita dama, misali digiri 4, fuska kuma ta kalli dama digiri 2 kacal. Lura da kyau, fuskar ba hagu da tutar rami take kallo ba. Tsakanin tuta da hanyar sanda take.

Fara da riƙo. Juya hannun hagu kaɗan zuwa dama a kan sanda har ka ga gaɓoɓin yatsu 2 ko 3 idan ka duba ƙasa, tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nufi kafaɗarka ta dama. Ɗauki ƙarfe mai lamba 7, ɗora ƙwallo a kan ti, ɗan tsinken da ake kafawa a ƙasa, yi rabin bugu. Idan ta fara tafiya hagu sosai, kada hankalinka ya tashi. Alama ce fuska ta rufe, rabin aiki ya kammala.

Sai gyaran hanya, kuma wannan ba sai ka je Kano ba. Da rani yashin bakin kogi yana nan a Malanville. Samu wuri babu mutane babu dabbobi, ja layi a yashi zuwa wani alami, ka ajiye kwali maras komai a wajen ƙwallo, ɗan baya kaɗan, tazarar yatsu 4. Idan ka sauko daga waje, kwalin za ka fara duka. Idan ka biyo ta ciki, ba za ka taɓa shi ba. Ja ƙafar dama baya kaɗan, mayar da ƙwallo baya kamar faɗinta ɗaya, ka fara saukowa da ƙugu, kafaɗa ta biyo daga baya. Ka shafa alli a fuskar sanda ma don ka ga inda ƙwallo ke taɓawa, domin bugun da ke kama wajen dunduniyar doguwar sanda shi kansa yana tura ƙwallo dama ko da komai ya yi daidai.

Sai gargaɗi guda. Duro na gudu a ƙasa fiye da bugun da ke karkata dama, shi ya sa ake sha'awar na Rory McIlroy, wanda ya ci gasar Masters a 2025. Amma ƙasar Arewa da hunturu tauri gare ta, ƙwallo kan yi ta gangarawa har ta wuce inda ka nufa, saboda haka ka sauke ta tun kafin wurin. Jack Nicklaus kuwa da bugu mai karkata dama kaɗan ya ci manyan gasa 18. Idan gyaran nan ya rage maka karkacewa har ƙwallo tana zama a fili, ka samu biyan buƙata ko lanƙwasar hagu ba ta fito sosai ba.

Ka ajiye doguwar sanda tukuna. Sai ƙwallo 7 cikin 10 sun lanƙwaso hagu da lamba 7, sannan ka koma mata.