Darasin Kare Kai: Daga Buga Waya Zuwa Isowar Taimako, Ina Mintuna Suke Tafiya?

Da yawa daga cikinmu muna da 'yan uwa a Nima da Maamobi, wasu kuma suna shirin komawa can da zama. A irin waɗannan unguwanni ɗaki yana manne da ɗaki, kuma gobarar da ta tashi a wuri guda tana iya cin gida duka cikin 'yan mintuna. Wannan darasi zai nuna mana yadda kiran gaggawa yake kaiwa ga 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da abin da za mu yi don kada a ɓata lokaci.

Lambobin da za mu haddace

A Ghana lambar gaggawa ta bai ɗaya ita ce 112, wadda gwamnati ta ƙaddamar a watan Janairu 2020. Kyauta ce, ko babu kuɗi a waya. Akwai kuma 191 ta 'yan sanda, 192 ta 'yan kwana-kwana, da 193 ta motar ɗaukar marasa lafiya. Waɗanda suka zo daga Burkina Faso ko Nijar su lura: 17 da 18 da suka saba da su lambobin can ne, ba na nan ba.

Matakai huɗu na kowane kira

1. Ma'aikaci ya ɗauki waya ya tambayi abin da ya faru da wurin.
2. Ya miƙa saƙon ga ofishin da ya fi kusa.
3. Ma'aikata su shirya su hau mota.
4. Mota ta ratsa hanya ta iso.

A Amurka, ma'aunin ƙungiyar NFPA ya ba 'yan kwana-kwana daƙiƙa 80 su fito, da minti 4 na tafiya. A Accra cunkoson motoci kaɗai yana iya cinye fiye da haka. Ba mu da iko a kan mataki na biyu da na uku. Amma na farko da ƙarshen na huɗu suna hannunmu.

Kwatance shi ne komai

Ba a tura mota sai an san inda za ta. Lungunan Zongo da yawa ba su da suna a rubuce, don haka faɗin "Nima" kawai bai isa ba. Mu fara da wurin da kowa ya sani: kasuwar Nima, ofishin 'yan sandan Nima, asibitin Maamobi, ko babban masallacin Kanda. Daga nan sai mu ce lungu na nawa, hagu ko dama. Tun shekarar 2017 akwai manhajar GhanaPostGPS da ke ba kowane wuri lambar adireshi. Mu nemi ta gidanmu tun yau, mu rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa.

Abin da za mu faɗa, bi da bi

Wuri da farko. Sai abin da ke faruwa: gobara, faɗa, fashi, ko rauni. Sai mu faɗi ko akwai wanda ya maƙale a ciki, ko akwai tukunyar gas ko wayar lantarki a kusa, domin kiran da rai ke cikin haɗari shi ake ba fifiko. Idan Turanci ko Twi yana ba mu wahala, mu miƙa wayar ga maƙwabcin da ya iya. Kada mu kashe waya sai an sallame mu, kuma mu bar layin a sake ko za a sake kira.

Buɗe hanya

Motar kashe gobara babba ce, ba ta shiga ƙunƙuntar lungu. Mu tura mutum ya tsaya bakin babban titi ya tare ta. Matasa su kawar da tebura, babura da amalanke. Taron 'yan kallo ya ja baya. Ruwan da ke tankin motar yana ƙarewa cikin 'yan mintuna, shi ya sa kiran wuri ya fi amfani: mu buga waya da zarar mun ga hayaƙi, ba sai bokitai sun gaza ba. A damina kuma ambaliya tana datse hanyoyi, kamar daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ruwa da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka hallaka mutum fiye da 150.

Kiran wasa

Hukumomin agaji a Ghana sun daɗe suna kokawa da masu kiran ƙarya. Duk lokacin da yaro ya riƙe layi yana wasa, wani yana can yana jira da wuta a kan rufinsa. Mu koya wa yara lambar, mu kuma koya musu nauyinta.

Aikin gida

Yau da dare kowane iyali ya zauna ya amsa: Wa zai buga waya? Wane sanannen wuri za a ambata? Wa zai tsaya bakin titi? Ina za mu haɗu bayan mun fita? A sa yaro ɗan shekara goma ya maimaita kwatancen gidan har ya zauna masa.