Kafin a yi wa laftof fomatin, a duba gudun firosesa

Daga ƙarshen Maris zuwa saukar damina, ƙorafin da ya fi zuwa teburina na gyaran kwamfuta a Kano guda ne: "Malam, laftof ɗin nan ta yi nauyi." Galibi mai ita tun daga gida ya yanke hukunci, ko a yi mata fomatin, ko a ƙara mata ram, ko a nemo mai saye. Wani ma an riga an yi masa fomatin ɗin, takardunsa sun tafi, nauyin yana nan daram. Sau da yawa ba ƙwayar cuta ba ce, ba kuma tsufa ba. Firosesa ce ta rage gudunta da gangan, kuma tana da dalili.

Firosesar laftof ba ta tsayawa a kan gudu ɗaya. Mu ɗauki Core i5-8250U ta shekarar 2017, wadda ke cikin tokumbo da yawa irin su EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480. Gudunta na asali gigahaz 1.6 ne, idan aiki ya taso takan haura har 3.4, idan kuma babu abin yi ta sauko ƙasa da 1. Dabarar ta daɗe. Tun shekarar 2000 Intel ya fito da SpeedStep, AMD kuma da PowerNow!, sannan a 2008 aka kawo Turbo Boost mai ba ta damar zabura na ɗan lokaci. Lissafin da ke bayan abin shi ne, ƙarin gudu yana neman ƙarin ƙarfin lantarki, kuma idan ƙarfin ya ninku biyu, wutar da ake ci tana ninkuwa huɗu. Duk wutar nan zafi take komawa. Firosesar da aka tsara mata wat 15 a cikin siririn jiki ba za ta iya dawwama a ƙololuwa ba. Don haka ganin ƙaramar lamba lokacin da na'ura ke zaune lafiya ce. Matsala ita ce a ba ta aiki ta ƙi tashi.

Gane hakan ba ya buƙatar mai gyara. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, zaɓi CPU, ka sa ido a kan Speed. Sai ka ɗora mata kaya: bidiyo, shafukan intanet da yawa, babban fayil. Lambar nan za ta ba ka labari.

Idan tana tashi a kan caja amma ta kwanta da zarar an ɗauke wuta, galibi saiti ne. Windows 10 yana kunna tanadin batir da kansa idan caji ya sauko kashi 20 cikin ɗari. A Windows 11, cikin Settings, ƙarƙashin Power & battery, akwai Power mode mai zaɓi uku. Mutane da yawa sun ajiye shi a kan na tsimin wuta saboda halin da muke ciki na rashin lantarki, sun manta. A mayar da shi Balanced, magana ta ƙare.

Wanda ya fi ba mutane wahala shi ne lambar da ta kafe a 0.79 ko 0.39 ba ta motsi, komai aikin da aka ba ta. A nan abin da nake fara tambaya shi ne: "Ina cajar da kake amfani da ita?" Cajojin Dell masu zagayen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, ba wuta take kaiwa ba, shaida take kaiwa, tana gaya wa na'urar cewa ni mai wat 65 ce ko 90 ko 130. Idan allurar ta lanƙwashe, ko wayar ta tsinke daga ciki, ko cajar jabu ce da babu abin shaidar a cikinta, na'urar sai ta ɗauka ba za a iya ciyar da ita ba, ta matse firosesa, wani lokaci ta ƙi cajin batir. Ana iya tabbatarwa: danna F2 lokacin kunnawa, ka duba bayanin caja a BIOS. Idan ka ga Unknown a maimakon adadin wat, ka kama ɓarawonka. Na sha ganin an zo da niyyar canza allon uwa gaba ɗaya, aka tashi da sayen caja ta gaskiya. Haka ma mai jona cajar waya a laftof mai bakin USB-C don ya ga ta shiga. Shiga daban, isa daban. Wasu tsofaffin ThinkPad da MacBook kuma sukan rage gudu idan an cire batir ko ya mutu, domin batirin ne ke cike gibi idan firosesa ta zabura.

Sai zafi, wanda shi ne namu na gida. Alamarsa ita ce na'ura ta fara da kuzari, bayan ɗan lokaci fanka ta kama ihu, lambar ta yi ta zamewa ƙasa. Yawancin firosesoshin Intel na laftof iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma suna kusantar wurin sukan ja birki don kada su ƙone. Kamfanoni da yawa sun rubuta cewa a yi amfani da laftof a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Afrilu sai a haura 40, ga rufin kwano, ga babu wutar da za ta juya fankar ɗaki. Kafin nan ma hunturu ya gama nasa aikin: ƙurar Disamba da Janairu ta taru a bakin ƙarafan da iska ke fita, ta dunƙule kamar audugar katifa. Idan na buɗe na nuna wa mai ita, yakan yi shiru. Ga kuma man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, wanda a tokumbo mai shekara bakwai ya bushe ya farfashe. Wanke fanka da sabunta man nan sukan dawo da na'ura hayyacinta. Ɗalibai kuma, don Allah a daina ɗora ta a kan katifa ko filo, ta ƙasa take shan iska. Faranti ko littafi mai kauri a ƙarƙashin bayanta ya wadatar. Manhajar HWiNFO kyauta ce, tana nuna zafin, har ta gaya maka ko an ja birki saboda shi.

Akwai abin da wasu abokan sana'a ke yi wanda ban yarda da shi ba. Sukan sa manhajar ThrottleStop su kashe siginar BD PROCHOT, wadda ta nan ne sauran sassan na'ura ke roƙon firosesa ta sassauta. Nan take gudu ya dawo, mai kaya ya biya yana murna. Idan an tabbatar na'urar auna zafi ce ta lalace tana ƙarya, to da hujja. Amma a kashe ta ba tare da an binciki caja da fanka ba, an toshe bakin mai gargaɗi ne kawai, zafin yana nan yana cin batir da allon uwa.

Dabarar da nake ba masu aikin rubutu da lissafi a lokacin bazara akasin wannan ce. A Control Panel, cikin Power Options, a saitin da ya shafi firosesa, a mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A na'urori da yawa wannan kaɗai yana hana Turbo Boost tashi, sai firosesa ta zauna a gudunta na asali, zafi ya ragu, batir ya ƙara daɗewa. Mai haɗa bidiyo ko zanen gini zai ji bambancin, shi kam wanke fanka ya fi masa.

Mai shirin sayen tokumbo kuma, kada ya tsaya ga kunnawa da kashewa a gaban shago. A jona ta da cajar da za a ba ka, ba ta gwajin mai shago ba, ka buɗe Task Manager, ka ba ta aiki mai nauyi na kamar kwata na awa, ka ga inda lambar za ta tsaya kafin ka ƙirga kuɗi.