Darasi na 14: Keke Mai Batir a Gidan Haya

A darasin da ya wuce mun yi magana a kan gobarar murhu da ta fitila. Yau za mu duba wata sabuwar gobara, wadda batirin keke ke haddasawa. Misalinmu daga birnin Landan ne, a ƙasar Ingila.

A Landan samari da yawa suna neman abinci da keke mai batir, suna kai wa mutane saƙo gida-gida. Kuɗin haya yana da tsada ƙwarai, saboda haka sukan taru da yawa a gida ɗaya. In dare ya yi, kowa ya shigo da batirinsa ya sa caji.

A watan Maris na 2023, wuta ta tashi cikin dare a wani gidan bene a unguwar Shadwell. Gidan mai ɗakin kwana biyu ne, amma fiye da mutum 15 ke kwana a ciki. Batirin da aka sa caji ne ya kama. Mutum ɗaya ya rasu. Daga baya kotu ta hukunta masu gidan. A shekarar 2023 'yan kwana-kwana na Landan sun je gobarar keke mai batir sau 143.

Me ke kawo wannan wuta? Cikin batirin akwai ƙananan batura masu yawa a jere. In ɗaya ya lalace sai ya yi zafi, ya ɗumama na kusa da shi, shi ma ya ɗumama na gaba. Kafin ka ankara duk sun kama. Hayaƙinsu guba ne. Wutar tana da wuyar kashewa, kuma takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Sau da yawa laifin batir mai araha ne, ko caja wadda ba tasa ba. Araha ba ta ado.

To, ga abin da ke kan ɗan haya:

1. Kada ka sa caji a bakin ƙofa, ko a zaure, ko a kan matakala. Nan ce hanyar fitarka.
2. Kada ka sa caji ka yi barci, ko ka fita.
3. In batir ya cika, ka zare.
4. In ya kumbura, ko yana wari, ko yana ƙara, ka daina aiki da shi.
5. In ya kama, kada ka tsaya kashewa. Ka fita, ka rufe ƙofa, ka kira 'yan kwana-kwana. A Ingila lambarsu 999.

Mai gida shi ma da nasa. Tun 2015 dokar Ingila ta tilasta wa masu ba da haya su sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa. In mai gida ya ƙi, ko ya cusa mutane fiye da kima, ɗan haya yana iya kai kuka ofishin gidaje na ƙaramar hukuma. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Shelter da Citizens Advice, masu ba 'yan haya shawara kyauta. Tsoron kora bai kamata ya sa mutum ya yi shiru ba, domin rai ya fi ɗaki.

Mu ma irin wannan batir ne a wayoyinmu da fitilunmu na caji. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyi

1. Ina ne bai kamata a sa caji ba? Don me?
2. Faɗi alamu uku na batirin da ya lalace.
3. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga mai gidanku, ka roƙe shi ya gyara wani abu mai hatsari.