Amsoshin Tambayoyinku: Wane Sifirin Zan Sa Don Ɗaga Motata?

Wani mai sauraronmu daga Sofoline a Kumasi ya aiko da tambaya. Yana da a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux, yana ɗauko amfanin gona daga ƙauyukan hanyar Sunyani, amma ƙasan motar na gugar hanya. Wane sifirin ya dace?

To Malam, mun gode. Da farko ka duba lodin da ka saba ɗauka. Hilux na da sifirin mai falle-falle a baya, wadda aka ƙera daga 2005 kuma tana da mai murɗi a gaba. Idan kullum cikin lodi kake, nemi mai ƙarin falle. Idan yawanci wayam take tafiya, mai tauri zai sa ta riƙa tsalle, taya ya kasa kama ƙasa.

Kada ɗagawar ta wuce inci 2, wato kimanin santimita 5. Fiye da haka yana cin mahaɗin shaf ɗin gaba, ya ja tiyon birki, motar kuma ta fi saurin kifewa a kwana. Ka sauya shokazoba da wadda ta dace da sabon tsayin, ka sa hagu da dama tare, sannan a daidaita tayoyi.

In ka je Suame Magazine sayen sifirin, tafi da bakanikenka. Ka goge kowane falle ka duba tsaga kusa da ramin tsakiya, ka guji wanda aka yi wa walda ko aka gasa da wuta.

Malam, araha ba ta ado. Sayi mai nagarta, kuma kada ka wuce lodin da aka ƙayyade wa motar. Allah ya kiyaye hanya.