Rariya: Yadda A Ke Ƙera Ta Da Yadda A Ke Zaɓenta

Manomin ƙasar Zurmi ya kan lissafa aikin hatsi tun daga sharar gona har ran da aka ɗaure damma aka jera a rumbu, daga nan sai ya ce aiki ya ƙare. Amma fa bai ƙare ba. Tsakanin rumbu da akushi akwai sussuka, da sheƙa, da surfe, da wanki, da niƙa, sa'an nan tankaɗe, shi ne na ƙarshe. Duk wahalar da aka sha da damina, a ƙarshe ta cikin rariya za ta bi kafin ta zama tuwo. Ga shi kuwa maigida ya kan tsaya ya duba bakin garma da kaifin lauje kafin ya biya kuɗi, amma rariya sai a aiki yaro kasuwa ya sayo wadda ta fi araha.

A da mata da faifai su ke tankaɗe. Mace ta kan zuba gari a faifai, ta ɗan karkata shi, tana kaɗawa tana bugun gefensa da yatsu, tsaki ya gangara ya taru gefe guda, lallausan gari ya tsaya. Aiki ne na gwaninta, har yanzu kuwa akwai tsofaffin da ba su bar shi ba. Ragar waya da gwangwani kayan kanti ne, irin kayan da suka yawaita a kasuwannin wannan yanki bayan da jirgin ƙasa ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Yau kusan ko wane gida akwai rariya, ana samunta a Zurmi da Ƙaura, da kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis.

Rariya abu biyu ce kurum: raga, da zoben da ya ke riƙe da ita. Zoben wani na siririn katako ne da aka lanƙwasa, wani na gwangwani, wani na roba. Ragar kuwa ko ta waya ko ta nailan. Ga ido duk ɗaya su ke, amma ga aiki akwai bambanci mai yawa, kuma yawancinsa a idon raga ya ke.

Masu saƙa raga a masana'anta suna ba ko wace iri lamba, lambar nan kuwa ita ce yawan idanun da ke cikin tsawon inci guda. Raga mai lamba 20 idanu 20 ne a inci, mai lamba 40 idanu 40. Watau in lamba ta hau, ido ya ƙanƙance. Inci guda milimita 25 ne da ɗan ɗori. In aka raba shi 40, ko wane kashi ya fi rabin milimita kaɗan, sa'an nan a cire kaurin wayar kanta, abin da ya rage shi ne faɗin ido, bai kai rabin milimita ba. Mai lamba 30 idonta ya ɗara rabin milimita kaɗan. Mai lamba 20 idonta ya kusa milimita guda.

Me ya sa a ke wannan lissafi? Domin gari ma yana da awo. A 1989 hukumar ƙa'idodin abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a ke kira Codex, ta fitar da ƙa'idar garin gero da na dawa. Ta ce lallausan gari shi ne wanda dukansa zai wuce ta ido mai faɗin rabin milimita, matsakaici kuwa ta ido mai milimita guda. Garin alkama na buhu, watau fulawa, ya fi su laushi nesa, gama idon da a ke gwada shi da shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba. To, ragar da a ke sa wa taga don sauro, wadda waɗansu masu ƙera rariya su ke yankowa don ita ce a kusa, idanunta 16 zuwa 18 ne a inci, faɗin ko wane ido ya ɗan wuce milimita guda. Sauro ba ya wucewa, amma tsaki ƙanana suna wucewa sarai. Shi ya sa wata mace za ta yi tankaɗe har sau biyu, tuwo ya fito da gari-gari a baki, a ce ba ta iya ba, alhali kuwa laifin raga ne.

Gwada wannan ba wuya. A ɗora rula ta 'yan makaranta bisa raga, a daidaita ta da waya guda, a ƙidaya idanun da ke cikin rabin inci, a ninka biyu. In an sami 30 zuwa 40, ta yi daidai da garin tuwo da na fura. In 16 ko 20 aka samu, wannan ta tsakin dambu ce da burabusko, ko fitar da tsakuwa da ƙwaro. Gidan da ya ke da hali gara ya ajiye biyu, a fara da mai manyan idanu, a ƙarasa da mai ƙanana. Haka ya fi sauri, kuma mai laushin ta fi daɗewa, don ba a ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Sai ɗaurin raga. Lalle ne raga ta miƙe ta yi tauri kamar fatar ganga, in an ɗan buga ta da yatsa ta amsa. In ta saki ta yi ciki, gari duka sai ya gangara tsakiya ya taru ya yi tudu, gefe-gefe su zauna babu aiki. Har wa yau ragar da ta saki wayoyinta su kan goce, ido ɗaya ya buɗe, na kusa da shi ya matse, awo ya ɓaci. Ƙirar da ta fi kyau ita ce mai zobe biyu, ƙarami a cikin babba, an matse bakin raga a tsakaninsu an kafa 'yan ƙusoshi kewaye. Ran da raga ta huje sai a zare ƙusa a sa sabuwa, zobe yana nan. A kuma shafa bakin da hannu tun a kasuwa. In akwai tsinin waya da ya leƙo ta ciki, a bar ta, gama wata rana zai karye ya bi gari, ba kuwa mai ganinsa a cikin tuwo.

Kada a ɗauka raga duka rami ce. A mai lamba 40, in aka auna fuskarta, ramuka ba su kai rabi ba, saura duk waya ce. Saboda haka ƙwayar gari ba ta faɗawa rami da zuwanta, sai ta yi ta gangarawa tana karo da waya har ta dace da ido. Amfanin kaɗawa ke nan. Kaɗawa gefe da gefe ta kan sa lallausan gari ya nutse ƙasa ya sadu da raga, tsaki da dusa su taso sama. In aka cika rariya maƙil, wannan rabuwa ba ta samuwa, na sama ya danne na ƙasa. Kaurin yatsa biyu na gari a kan raga ya isa, a tankaɗe, a juye tsaki, a ƙara. Ƙwayoyin da girmansu ya yi daidai da ido su ne masu toshe shi, su shiga su maƙale, ba su wuce ba, ba su fito ba. Ɗan bugun da mace ta ke yi wa zobe da tafin hannu shi ke fid da su. A manyan injunan fulawa ma dabarar ke nan, ana sa 'yan ƙwallayen roba ƙarƙashin raga suna tsalle suna bugunta.

Mata da yawa ba kaɗawa su ke yi ba, murza garin su ke yi da hannu a kan raga. Da dalili. Geron da aka surfa aka wanke, in aka kai niƙa bai gama shan iska ba, garinsa da danshi ya ke fitowa, ya dunƙule, ya ƙi sauka sai an murza. Amma murza mai ƙarfi tana tura dusa ta ido, tana kuma sakin raga. Abin da ya fi shi ne a baza garin a tabarma ko faranti ya huce daga zafin inji ya sha iska, sa'an nan a tankaɗe. Wannan ma yana taimakon ajiya, gama gero yana da mai a jikinsa fiye da dawa, garinsa mai danshi ba ya kwana da yawa sai ya sauya wari ya yi ɗaci.

Akwai wata rariya ta Turawa wadda a ke gani a kantunan kayan girki na birane, an daɗe ana aiki da irinta a Amurka da Ingila. Ya kamata a bayyana ƙirarta, don akwai abin koyo a ciki. Gwangwani ne buɗe sama da ƙasa, da mariƙi a gefe kamar na moɗa. Ragar da ke gindinsa ba a shimfiɗe ta ke ba, an lotsa ta ta yi kamar ƙoƙo. Wata siririyar sandar ƙarfe ta ratsa gwangwanin daga wannan gefe zuwa wancan, a jikinta an kafa zobban waya biyu ko huɗu, ƙarshenta na waje kuwa an lanƙwasa shi ya zama abin juyawa. In aka juya, zobban nan su kewaya su share fuskar raga, su fasa dunƙulen gari su tura shi ƙasa. Dalilin lotsa ragar ke nan: tun da waya kewaye ta ke yi, dole raga ta bi kewayen. Da a shimfiɗe ta ke, da tsakiya kaɗai wayar za ta taɓa. Gwanintar maƙerin duka tana ga tazarar da ya bari tsakanin waya da raga. In ta yi yawa, waya ta wuce sama ba ta share kome ba. In babu tazara, waya ta yi ta gugar raga har ta cinye ta.

Wata irin kuma ba juyawa a ke yi ba, matsa mariƙin a ke yi da hannu ɗaya. A cikin mariƙin akwai sifirin. In an matsa, wani ɗan ƙarfe ya ja wata faranti mai yatsu ta goga raga, in an saki, sifirin ya mai da ita. Irin wannan sau da yawa raga biyu ko uku gare ta, wata bisa wata. Tana barin hannu ɗaya ya yi wani aiki, amma tana gajiyad da yatsu, kuma garin da ya maƙale tsakanin ragogin ba ya fita da sauƙi, nan ƙwaro ya ke samun gida.

To, wace ta fi? Ko wace da aikinta. Ta Turawa an yi ta ne domin fulawar da aka riga aka tace a masana'anta, aikinta ta fasa dunƙule ta sa iska a gari don kek ya tashi. Mai yin cincin ko kek na sayarwa a Ƙaura ko Gusau za ta ji daɗinta, gari ba ya watsewa, yana sauka daidai cikin kwano. Amma ga garin gero da dawa da masara daga injin ƙauye, ba ta dace ba. Wayar nan mai sharewa ba ta san gari ba, ba ta san dusa ba, duka ta ke turawa, in kuwa ta ci karo da tsakuwa sai ta huda raga. Ga kuma ƙanƙanta. Faɗin bakinta kamar inci 5 ne, rariyar gida kuwa mai inci 12 fuskarta ta kusa ninka wannan sau 6. Matar da za ta tuƙa wa mutum 15 tuwon dare ba ta da wannan lokaci.

Akwai abin da rariya ba ta iya tarewa, kome kyaunta. Tana kama ƙwaron gari da manyan tsutsotsinsa, amma ƙwansa ƙanƙane ne, yana wucewa. Garin da aka tankaɗe yau aka ga ya yi fes, in aka ajiye shi, bayan 'yan makonni sai ƙwaro ya sake fitowa. Haka nan garin ƙarfen da ke zuba daga haƙoran injin niƙa, musamman sa'ad da aka sa sababbi ko aka wasa su, ya fi idon raga ƙanƙanta. Maganinsa mayen ƙarfe. A sami na tsohuwar lasifikar rediyo, a naɗe shi a leda mai tsabta, a ja shi cikin gari, sa'an nan a duba abin da ya manne.

Mafi hatsari duka ita ce dalma. Waɗansu maƙeran gwangwani da ita su ke liƙe raga a jikin zobe, gari kuwa yana gugar wurin kullum. Rariyar abinci a nemi wadda aka naɗe bakinta aka matse, ko aka kafa da ƙusa, ba wadda aka liƙe da dalma ba. Mutanen Zamfara sun san abin da dalma ta ke yi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda ana daka duwatsun zinariya masu dalma ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci. Saboda haka turmi ko inji ko rariyar da ta taɓa aikin ma'adini kada ta koma kan hatsi, ko an wanke ta.

Kulawa da rariya ba ta da yawa. Bayan aiki a kife ta a buga, a share da ɗan burushi busasshe, a rataye ta a ƙusa inda kaji da ɓera ba su kai. Ragar waya ba ta son wanki, in an jiƙa ta tilas, a shanya ta a rana nan take, in ba haka ba tsatsa ta kama ta ta fara karyewa. Ta nailan ba ta tsatsa, amma a nisanta ta da murhu. Rariyar tace gasara kuma dabam, ta gari dabam. Tsakin da ya rage a sama kuwa abinci ne, a mai da shi turmi a ƙara dakawa, ko a tara shi don fate da kunun tsaki, dusar kuma a jiƙa wa tumaki.