DARASI: KIWON BABBAN KWAƊON AMURKA, ABIN DA BIDIYO BA YA NUNA MAKA

Bidiyon gonakin kwaɗi na China da Tailan ya yawaita a wayoyinmu, har wasu sun fara tambayar ko kandamin tarwaɗa zai yi wannan aiki. To, a gyara zama.

Kwaɗon da aka fi kiwatawa a duniya shi ne wanda Turawa ke kira bullfrog, wato kwaɗo mai kukan bijimi. Asalinsa gabashin Amurka ta Arewa ne. An kai shi Brazil a 1935 don kiwo, ya kuma bazu zuwa China da Taiwan da sauran ƙasashen Asiya, saboda naman cinyarsa. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 20,000 a lokaci guda. Namiji kuwa ana gane shi da faifan kunne da ya fi idonsa girma, ga maƙogwaro ruwan ɗorawa.

Matakin farko ba wuya. Idan ƙwai ya ƙyanƙyashe, talibambam ne ke fitowa, wato ɗan kwaɗo mai jela, kuma yana rayuwa kamar kifi: gansakuka da garin abincin kifi sun ishe shi. A wuri mai ɗumi watanni kaɗan suke yi su rikiɗe, a ƙasashen sanyi kuma sai su kai shekara 2 ko 3. Sinadarin da ke fitowa daga wata halitta a maƙogwaro ne ke tafiyar da rikiɗar. A kwanakin ƙarshe ma ba ya cin komai, jelarsa jiki ke zuƙewa.

Daga ranar da jela ta ɓace, ka samu wata dabba daban. Mafarauci ne, kuma idonsa abin da ke motsi yake bi. Ka zuba masa buhun abinci mafi tsada a gabansa, in bai motsa ba, yunwa za ta iya kashe shi yana kallo. A nan yawancin sabbin masu kiwo ke karyewa. Masu bincike a Brazil sun ɓullo da dabarar cakuɗa ƙwayar abinci da tsutsar ƙuda mai rai: tsutsa na mutsu-mutsu, abinci na motsi, kwaɗo ya kai cafka ya haɗa duka. A hankali ake rage tsutsar har ya saba. A Asiya kuma ruwa ake bari ɗan kaɗan, iya wuyan kwaɗo, a watsa abinci mai yawo a sama, motsin ruwan ya yaudare shi. Abincin nan fa mai furotin kusan kashi 40 cikin 100 ne, irin na kifi mai cin nama. Duk wanda ya san kuɗin buhu yanzu ya yi lissafi da kansa.

Sai cin juna. Kun san yadda manyan 'ya'yan tarwaɗa ke haɗiye ƙanana in ba a raba su ba? Na kwaɗo ya fi. Duk abin da zai shige bakinsa abinci ne, har ɗan uwansa. Raba su bisa girma aiki ne na kai a kai, kuma yana buƙatar ɗakuna da yawa, ba kandami ɗaya ba. Cunkoso da ruwa mai datti kuma suna kawo cutar jan ƙafa, wadda ƙwayar Aeromonas ke cikin masu haddasa ta, ita dai wadda ke yi wa tarwaɗa gyambo.

Amma babban abin da ya sa ba na goyon bayan kowa ya shigo da irin nan ƙasarmu shi ne abin da ke biyo bayan tserewarsa. Kuma yana tserewa, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa. A wuraren da ya shiga daji ya cinye kwaɗin gida da ƙananan kifaye da macizai, har da 'yan tsuntsaye. Hukumar IUCN ta sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna, Tarayyar Turai kuma ta hana shigo da shi tun 1997. Ka yi tunanin irin wannan a fadamar Haɗeja da Nguru.

Ga kuma cutar fata ta wani fungus da ake kira kitirid. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita yake wani ɓangare na numfashi, don haka in fata ta lalace, shi ke nan. Bullfrog yakan ɗauki cutar ya yi ta yawo lafiya lau, yana shafa wa waɗanda ba sa iya jurewa. Wani bincike a mujallar Science a 2019 ya danganta cutar da raguwar nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana kyautata zaton sun ƙare. Ta fannin ƙwayoyin gado kuwa, masana a Kanada sun fitar da taswirarsa a 2017, suka tarar ta kusa ninka ta ɗan Adam. Amfaninta ya fi yawa wajen gwada gurɓatar ruwa da talibambam, ba ta sauke wa mai kiwo farashin abinci ba tukuna.

Mu a nan muna da namu, burduddugi. Ana kamo shi a fadamu, a busar ko a ƙyafe, har daga yankin Malanville na Jamhuriyar Benin ake shigo da shi kasuwannin Najeriya, galibi na kudu. Duk daga daji ake ɗebo shi. Maganar halaccin ci malamai sun yi saɓani, kowa ya tambayi malaminsa. Wanda duk da haka yake son gwaji, ya fara da ɗan gida, 'yan kaɗan, a ɗaki mai katanga da raga a sama da inuwa mai kyau, kuma ya tanadi tsutsar ƙuda tun kafin jelar farko ta zube. Kashin kajinka zai iya samar maka da ita.